Lugu: Suna Ya Tumbatsa, Gari Ya Tsuke

Ana gab da faɗuwar damina, lokacin da kowa ke sassabe yana duban gabas, rigimar iyakar gona ta tashi tsakanin wasu 'yan'uwanmu biyu. Wani tsohon kalgo ne ya raba gonakinsu tun zamanin kakanni. Aka wayi gari an sare shi an yi itacen girki, iyaka kuwa ta bi shi. Da aka taru a zauren mai gari, ɗaya ya ce a kira jandarmomi, ɗayan ya ce shi sai gaban alƙali a Dogon Dutsi. Wani ɗan boko ya kawo shawarar a miƙa maganar ga kwamitin filaye na komin, liman kuma ya ce in duk ta ƙi, ga Alƙur'ani nan, mai gaskiya ya dafa. Har aka watse ina saurare, ban ji wanda ya ce a je Tunguma ba. Ko masu furfurar da ke wurin ba su ambace shi ba.

Da muna yara a ƙasar Arewa, wannan suna yana da nauyi a baki. In akuya ta ɓata, ko an buɗe rumbun wani cikin dare, ko an yi wa mace ƙazafi, da zarar mai ƙara ya ce a je Tunguma sai ka ga fira ta tsaya. Sau da yawa ma ba a kai ga tafiyar. Kafin gari ya waye an ga akuyar ɗaure a turkenta, ba wanda ya san mai mayar da ita, ba kuma wanda zai tambaya. Tunguma dutse ne da ke cikin daji kusa da Lugu, yana da masu kula da shi na gado. Yadda manya ke faɗa, a kan yayyafa masa ruwa, a gabatar masa da tambaya, motsinsa kuma shi ne amsa. Mutane kan yi tafiyar kwanaki su zo gare shi, Azna da Musulmi, Hausawa da Zabarmawa da Fulani.

Lugu a yau ƙauye ne cikin ƙauyukan komin ɗin Ɗan Kasari, a gundumar Dogon Dutsi ta jihar Doso. Amma in ana maganar asali, Ɗan Kasari da Dutsin duka ƙannai ne a gabansa. Labarin da aka gada baki da baki ya ce wata mace ce ta taso daga Daura da jama'arta, dutsen nan yana yi musu jagora, inda ya tsaya nan suka sauke kaya. Ita ce Sarauniya ta farko, ita ta ƙulla alkawari da iskokin wurin kafin a sa gatari a daji. Daga wannan tsatso aka sami Baura, mai tsaron ƙasa na Bagaji. Can daga baya, wajen ƙarni na 17, wani ɗan sarkin Barno mai suna Ari ya ratso ƙasar, aka ba shi ɗiya a Bagaji, ta haifi Akazama, wanda sarakunan Arewa ke jingina asalinsu gare shi. Da haka ƙasar ta tsaya da ƙafa biyu. Arawa suna da doki da mashi da tambari, Matankari ce cibiyarsu. Gubawa kuwa, waɗanda aka tarar, su ne 'yan ƙasa: ruwan sama da shuka da farauta da lafiyar gari suna wuyansu. Mai sarauta yana mulkin mutane, amma ƙasar da yake takawa ba tasa ba ce, ya kuma san haka.

Kakata ta wajen uwa tana da dangi a wajen Lugu, daga bakinta na fara jin yadda Sarauniya take. Takan ba ni labarin da dare, tana zaune a kan tabarma da tasarta ta kaɗi, alli a yatsunta, mazari yana juyawa da 'yar ƙararsa mai sa barci, hayaƙin kara yana tashi daga murhu, warin daddawa bai gama barin tsakar gida ba. Na taɓa tambayarta:

"Kaka, Sarauniyar tana da soro irin na Sarkin Arewa? Tana da dogarai?"

Ta ce, "Haba maigidana, wane soro? Bukka ce irin tawa. Farin zane take ɗaurawa, kaɗi take yi kamar yadda ka gan ni. Sai dai ita ba ta zuwa kasuwa, ba ta zuwa biki, ba ta barin garin. Mu muke zuwa gare ta."

Na ce to me take ba mutane? Ta ce, "Zama take yi domin ƙasa ta zauna."

Na daɗe ban fahimci wannan amsa ba. Sai da na girma na ga masu mulki iri-iri, sannan na gane irin sarautar da ake nufi. Babu haraji a cikinta, babu kurkuku, babu gadon dukiya. Ko zaɓen mai riƙe ta ba a hannun masu ƙarfi yake ba. In Sarauniya ta rasu sai a yi tarkama: a naɗe gawar, maza su ɗauka a kai, su bi inda suka ce tana jansu, har ta tsaya a gaban macen da za ta gaje ta cikin matan zuriyar. Wadda abin ya faɗa wa ba ta nema ba, ba ta kuma da ikon ƙi. Haka ake yi wa Baura ma a Bagaji. Ko me mutum zai ce game da gawa mai nuna magaji, tsarin ya toshe ƙofar saye da sayarwa, ya kuma hana sarki ɗora nasa.

Arewa ba ta rasa yaƙi ba. Bayan jihadin Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo na 1804, ƙasar ta kasance a bakin iyaka, kuma a tsakiyar ƙarnin da yawa daga sarakunanta sun haɗa kai da Kabawa da Zabarmawa a kan Gwandu. Amma abin da ya girgiza Lugu daga yamma ya ɓullo. A farkon 1899 rundunar Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ta ƙetaro kogin Kwara za ta tafkin Cadi, tana ƙona garuruwa, tana kwashe hatsi da dabbobi, tana kama mutane dako. Garuruwa da dama suka watse kafin isowarta, wasu suka miƙa wuya. Lugu, a zamanin Sarauniya Mangu, ta tsaya. Ranar 16 ga Afrilu 1899 maharba masu kibiya suka tari masu bindiga. Lissafin Faransawan da kansu ya nuna an kashe musu sojoji 4, an raunata 6, sun kuma ƙona harsashi wajen 7,000. Mutanen Lugu da suka faɗi a ranar sun ninka haka nesa ba kusa ba. Aka cinna wa garin wuta, waɗanda suka tsira suka shige sarƙaƙiyar daji da duwatsu tare da Sarauniyarsu. Rundunar ta wuce ta yi wa Birnin Ƙonni kisan gilla a watan Mayu. A watan Yuli Voulet ya sa aka harbe Kanar Klobb, wanda aka aiko ya tsayar da shi, a Dankori, kafin 'yan kwanaki kuma sojojinsu suka kashe shi da Chanoine a wajen Maijirgi. A Arewa har gobe akwai masu cewa bakin Lugu ne ya bi su.

Mutane sun dawo sun sake kafa bukkoki, an ci gaba da yin tarkama, amma garin bai koma yadda yake ba. Abin da wuta ta fara, sauyin zamani ya ƙarasa shi a hankali. A 1906 Faransawa suka kafa barikinsu a Dogon Dutsi, ƙarƙashin dutsen Tozon Bijini, sai iko ya bi kwamandan. Lanho da aikin dole suka zo, su kuwa ta hannun sarakuna da masu gari ake karɓarsu, ba ruwan bature da 'yan ƙasa. Ƙafa ɗaya ta yi ƙiba, ɗayar ta shanye. Da aka shimfiɗa babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta nufi Ƙonni da Maraɗi da Damagaram, ta Dutsi da Ɗan Kasari ta bi, kasuwa da tasha suka koma bakin kwalta, Lugu ta rage a can cikin rairayi. Musulunci kuma, wanda takobin ƙarni na 19 bai kafa shi a nan ba, ya shigo cikin ruwan sanyi ta hanyar fatauci da cin rani da makarantar allo. Samari suka je Sakkwato da Kano da Ikko, suka dawo da carbi da sabon suna. Fari na 1973 da na 1984 suka kori wasu kudu, zuwa inda kwarin dallol ke da ruwa kusa, wajen Koren Mairuwa da Dumega da Tibiri, inda ake noman rake. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Abin mamakin shi ne, a daidai lokacin da garin ke tsukewa, sunansa ke tumbatsa. A 1980 marubuci Abdoulaye Mamani ya fitar da littafinsa na ƙagaggen labari a kan Sarauniya. A 1986 Med Hondo ya mayar da shi fim, aka ɗauka a Burkina Faso, Aï Keïta ta fito a matsayin Sarauniya, fim ɗin kuma ya ci babbar lambar bikin FESPACO a 1987. 'Yan lakwal suka haddace sunanta, aka sa wa gidan rediyo da talabijin a Yamai, a 2006 Nijar ta shigar da Lugu cikin jerin wuraren da take neman UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihin duniya, a 'yan shekarun nan ma an ƙirƙiro lambar yabo ta ƙasa da sunan Sarauniya Mangu. Ina alfahari da wannan, domin ƙasar da aka ce ta miƙa wuya babu gardama tana bukatar ta san ba haka aka yi ba. Sai dai Sarauniyar littafi da fim matashiya ce mai kwari da baka, mai fada da mayaƙa. Wadda tsofaffin Lugu suka sani dattijuwa ce mai farin zane da mazari, ƙarfinta a bakinta yake da abin da ta tsare. Masana irin su Antoinette Tidjani Alou ta Jami'ar Abdou Moumouni sun nuna wannan tazara. Mun ɗauki rana ɗaya ta yaƙi mun ɗaukaka, mun bar ɗaruruwan shekarun da aka yi ana tsaron ƙasa babu ko kibiya.

Ba mu kaɗai irin wannan ya sama ba. A Faransa akwai wani ƙaramin gari, Cluny, inda aka kafa gidan masu ibada na Kirista a shekara ta 910. Ya yi ƙarfin da sarakunan Turai ke neman albarkarsa, cocinsa kuma ya daɗe yana zaman mafi girma a Turai. Bayan juyin juya halin 1789 aka kori masu ibadar, aka sayar da ginin, aka riƙa farfasa duwatsunsa ana gina gidaje, har abin da ya rage bai fi kashi ɗaya cikin goma ba. Jikokin waɗanda suka rushe shi su ne yau ke lallaɓa ragowar, ko da yake da yawansu ba sa shiga coci. Su dai sun yi sa'a, abinsu dutse ne da takarda, yana iya jiran mai nadama shekara ɗari. Namu ciyawa ce da kara da abin da ke cikin kan tsofaffi. Ba ya jira.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ni Musulmi ne, ɗan Musulmi, ba na fatan a koma yanka wa dutse, ba kuma na jin mun yi asara da muka fuskanci alƙibla. Shari'ar Tunguma ba ta da ɗaukaka ƙara. Wanda aka ce dutse ya nuna, ko bai ci ba ya ci, tabon kuma har 'ya'yansa. Gaban alƙali, duk da jinkiri da kashe kuɗin mota, mutum yana iya kawo shaida, yana iya cewa bai yarda ba. Ina kuma tuna macen da tarkama ke tsayawa a gabanta: an ɗaukaka ta, amma an raba ta da gidanta da zumuncinta har mutuwa, ba tare da an ji ta bakinta ba. Zamanin da kakata ke yabo shi ne zamanin da ƙyanda da sanƙarau ke share yara a rani guda, ita kanta ta binne fiye da waɗanda ta raya. Kurkunu yana kwantar da majiya ƙarfi a tsakiyar noma, ga shi tun 2013 an tabbatar Nijar ta rabu da shi. Mata suna kwana a bakin rijiya mai zurfin gaba da yawa, igiya tana cin tafin hannunsu. Yau akwai famfo da foraj a ƙauyuka da dama, akwai ɗakin haihuwa, akwai 'yan mata masu zuwa lakwal, wasunsu da taimakon ƙungiyoyi irin su Tarbiyya Tatali da ƙawancen da ke tsakanin Ɗan Kasari da garin Cesson-Sévigné na Faransa. Tsagen Arawa mai tashi daga gefen baki zuwa kunne yana ƙarewa tare da tsofaffi, ban kuma ga jaririn da zan so a sa wa aska don a raya shi ba.

Abin da nake jimami daban ne. A tsohon tsari daji yana da ƙofa. Akwai lokacin da ake rufe shi, akwai ranar buɗinsa, kafin nan maharbi ba ya shiga, ba a sa wuta. Akwai kurmin da ba a kai masa gatari, akwai itacen da ko ya bushe ba a taɓawa. Ba a cin sabon hatsi sai an fitar da na fari. Tsoron iskoki ne ya riƙe waɗannan dokoki, gaskiya ne, amma amfaninsu a fili yake: namun daji suna samun lokacin haihuwa, gangaren dutse yana riƙe da sabara da geza, ruwa ba ya kwararowa da ƙarfin da zai yanke gona. Da tsoron ya tafi, sai dokar ta bi shi, ba mu kuwa yi saurin sa wata a gurbinta ba, alhali addinin da muka karɓa ya ce ƙasa amana ce, ya hana ɓarna, ya yi wa mai dasa itace alkawarin lada. Ga jama'a ta ƙaru. 'Yan Nijar ba su wuce miliyan 3 da 'yan kai ba a 1960, ƙidayar 2012 ta sami sama da miliyan 17. Gonar da ake bari ta huta shekaru yanzu kowace damina sai an shuka ta. Burtali ya matse, rigimar manomi da makiyayi ta yawaita, fako yana cin tudu, kwazazzabai suna cin gangare. Manoma suna cewa ƙasa ta gaji, kuma ba ƙarya suke yi ba.

Akwai kuma darasin nan na ƙafa biyu. Kakanninmu, waɗanda ba su san boko ba, sun gane cewa bai kamata mai takobi ya zama shi ne mai ƙasa ba. Sun ajiye wata murya a gefe, marar doki marar dukiya, wadda sarki ke jin nauyinta, suka kuma damƙa ta a hannun mace. Duk wanda ya ga yadda ake sayar da filin kiwo na jama'a da sa hannun mutum ɗaya ya san abin da rashin irin wannan murya ke jawowa.

Yanzu nauyin ya koma kan komin. Tun zaɓen kansiloli na 2004 Ɗan Kasari ta zama mazaunin hukumar da Lugu ke ƙarƙashinta, kamar yadda Matankari da Kiyeshe da Dogon Kirya da Sukukutan suka sami nasu, a 2011 kuma aka yanke Tibiri daga Dutsi ta zama gunduma. Dokar karkara ta 1993 da dokokin da suka biyo bayanta sun tanadi kwamitocin filaye tun daga gunduma har ƙauye, sun ba su ikon shata burtali da rubuta shaidar gona. A takarda, aikin 'yan ƙasa ne aka ba su. Inda aka riƙe shi da gaske ana ganin sakamako: an haƙa ramuka masu siffar rabin wata a fako ciyawa ta dawo, manoma sun koyi barin tsiron gawo da kalgo a gona maimakon tumɓuke shi. Inda aka yi sakaci kuwa, rijiya ta ba da ruwa guga ya hana. Ga rashin tsaro da ya addabi arewacin gundumar a shekarun nan, wanda ya sa ko ziyarar dangi sai an yi shawara. Duk da haka, magajin gari, zaɓaɓɓe ne ko naɗaɗɗe, ba zai sami abin da Lugu ta samu ba sai mutane sun gaskata cewa ba ya cin ƙasa, tsaronta yake yi.

Ba a makara ba tukuna. Marc-Henri Piault ya rubuta tarihin Arewa a 1970, Boubé Namaïwa da abokan aikinsa sun fitar da littafi a kan Lugu a 2007, amma da Faransanci, jikokin masu labarin kuwa da Hausa suke mafarki. Kowane saurayi yau yana da salula mai ɗaukar murya. Jerin sunayen Sarauniyoyi, kirarinsu, sunayen kurmi da tafkuna da tsofaffin burtali, dalilin hana wannan da halatta wancan, duk ana iya ɗaukarsu daga bakin masu su a ajiye a komin, a koyar a lakwal da harshen gida. Kurmin da ke kewaye da Tunguma ana iya shata shi a hana sara, ko don itatuwan kaɗai. Malamanmu ma suna da rawar takawa. Sanin yadda kakanka ya rayu ba shirka ba ne, kuma tsofaffin da suka rage a kan tsohuwar hanya maƙwabta ne masu haƙƙi, ba abin jifa ko abin kallo ba. Wanda ya zage su bai ƙara wa addini komai ba, wanda ya ɗauki hotonsu ya tafi bai ba su ruwan sha ba shi ma bai yi musu adalci ba.

Ƙasar da ke rataya wa baƙinta lambar yabo da sunan Sarauniya Mangu, Lugu tana binta bashin hanya mai kyau da ruwa da makaranta, da kuma kunnen saurare. Mu 'yan Arewa kuwa namu bashin ya fi wannan nauyi. Mun bar abin da ya kamata a bari, Alhamdu lillahi. Amma a cikin kayan da muka sauke akwai amanar ƙasa, ita kuwa ba ta Azna ba ce su kaɗai, ta duk mai cin tuwon gero ce. In ba mu koma mun ɗauke ta ba, 'ya'yanmu za su san sunan Sarauniya sarai, su rasa gonar da za su noma.